Janar Ba'are da Darasin 8 ga Yuli: Idan Mai Rabon Faɗa Ya Shiga Fili

Ranaku biyu ne jama'a suka fi riƙewa game da Janar Ibrahim Ba'are Mainasara. Ta farko ita ce Asabar 27 ga Janairu 1996, ranar da ya kifar da shugaban farko da ƴan Nijar suka zaɓa da hannunsu a ƙarƙashin tsarin jam'iyyu da yawa. Ta biyu ita ce Juma'a 9 ga Afrilu 1999, ranar da masu gadinsa suka buɗe masa wuta a filin jirgin saman soja na Yamai. Masu ƙinsa ba su wuce ta farko ba, masoyansa kuwa ba su ganin kome sai ta biyu. Amma tsakaninsu akwai wata rana ta uku wadda ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa ita ce ta yanke hukuncin mulkinsa baki ɗaya: Litinin 8 ga Yuli 1996, ranar da ɗan takara ya rusa hukumar zaɓe ana cikin tattara ƙuri'u. Duk wanda ke son ya fahimci yadda hafsan da aka yi wa tafi a watan Janairu ya wayi gari ba shi da mafaka bayan shekara uku, to wannan rana zai duba.

Yaron Kunce

Ba'are bai faɗo daga sama ba. An haife shi a 1949, ɗan asalin ƙasar Arewa ne ta Dogon Dutsi, ya kuma samu horon hafsa a makarantar soja ta Antsirabe da ke Madagaska. Lokacin da Laftanan Kanar Seyni Kunce ya hamɓarar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, matashin hafsan ya zama dogarinsa na kusa, sa'an nan ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, daga baya ya shugabanci sojojin lema. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Nijar a Faransa, ya zama ministan lafiya, ya tafi Aljeriya a matsayin jakada. A watan Maris 1995 aka naɗa shi babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin makarantar siyasar da Ba'are ya yi ita ce fadar Kunce, inda umurni ke saukowa daga sama, ba a jayayya, kuma ana ɗaukar ɗan siyasa a matsayin mai surutu da ɓata lokaci. Abin da bai lura da shi sosai ba shi ne ƙasar ta canza. An zubar da jinin ɗalibai a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990. An yi Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda aka tuɓe wa Janar Ali Saibu iko a bainar jama'a. Jaridu masu zaman kansu sun ɓullo, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta san ƙarfinta, ɗan kasuwan Maraɗi da malamin lakwal na Tawa sun ɗanɗani jefa ƙuri'a sun ga tana aiki. Mutanen da suka ɗanɗani wannan ba a mulkarsu da salon 1974.

Waɗanda suka share masa hanya

Adalci ya wajabta a faɗi gaskiya: ƴan siyasa ne suka buɗe wa soja ƙofa. A watan Maris 1993 Mahaman Usman na CDS-Rahama ya kayar da Tanja Mamadu na MNSD-Nasara da taimakon ƙawancen AFC. Ba a yi shekara biyu ba ƙawancen ya watse, Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin firaminista a watan Satumba 1994, jam'iyyarsa PNDS-Tarayya ta haɗa kai da MNSD. Shugaba Usman ya rusa majalisar dokoki, aka sake zaɓe a Janairu 1995, abokan hamayyarsa suka samu kujeru 43 cikin 83. Ya yi ƙoƙarin kauce wa Hama Amadu ta hanyar naɗa Amadu Sise, majalisa ta tsige Sise cikin mako biyu, dole ya karɓi Hama a matsayin firaminista, Isufu kuma ya hau kujerar shugaban majalisa.

Daga nan aka shiga abin da masu faransanci ke kira cohabitation, wanda a aikace ya zama zaman doya da manja. Shugaban ƙasa ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista ya naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba, kowa na jan kundin tsarin mulkin 1992 ta wajensa kamar fatar layya. Duk wannan kuwa yana faruwa ne shekara guda bayan karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, lokacin da farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, albashi kuma ba ya zuwa a kan kari. Saboda haka da aka ji ƙarar bindiga a Yamai ranar 27 ga Janairu, mutane da yawa ajiyar zuciya suka yi. Ba a ga talakawa sun fito kare gwamnatin da suka zaɓa ba, kuma wannan abin kunya na ƴan siyasa ne, ba na talakawa ba.

Ba'are ya kafa majalisar soja ta ceton ƙasa, CSN, ya naɗa masanin harkar banki Bukari Aji firaminista, ya bayyana cewa soja sun zo ne su raba faɗa su gyara doka. Cikin watan Fabrairu shugabannin uku da aka tumɓuke suka sa hannu a kan wata takarda da ta amince cewa rikicin hukumomin ƙasa ne ya jawo shigowar soja. A wannan lokaci babu ɗan Nijar da ya kai Kanar Ba'are riƙe da dama a hannu. Da ya shirya sabon kundi, ya gudanar da zaɓe, ya miƙa mulki ga wanda ya ci, da yau sunansa na cikin na dattawan ƙasa.

Daga alƙali zuwa ɗan kokawa

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawar gargajiya ya san darajar alƙalin wasa ba daga ƙarfin damtsensa take ba. Daga abu guda take: ba ya neman takobin. Ranar da ya tuɓe riga ya shiga fili, ya kuma ce shi ne zai ci gaba da busa usur, to kokawa ta ƙare, saura rigima.

Matakan sun zo ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu aka kira taron da aka ce na farfaɗo da demokaraɗiyya ne. Ranar 12 ga Mayu aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan kundin Jamhuriya ta Huɗu, wanda ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa. A cikin watan ne kanar ya zama janar. Kwamitocin goyon baya suka bazu a birane da ƙauyuka, manyan ƴan kasuwa da ƴan bokon da ba su samu shiga a tsofaffin jam'iyyu ba suka yi ta zuga shi, suna cewa ƙasa ba ta da wani sai shi. Ya tsaya takara a matsayin ɗan ba-ruwana, yana riƙe da gwamnati da rediyo da telebijin da baitulmali, alhali sai a ƙarshen watan Mayu aka ɗage haramcin da aka ɗora wa jam'iyyu.

An fara jefa ƙuri'a ranar Lahadi 7 ga Yuli, aka ci gaba washegari saboda rashin kammala shiri. A wannan rana ta biyu ce gwamnati ta rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta maye gurbinta da wata mai suna CNE wadda ita ce ta naɗa mambobinta. Aka yi wa ƴan takara huɗu ɗaurin talala a gidajensu: Mahaman Usman, Tanja Mamadu, Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakoy. Aka hana taro. Sabuwar hukumar ta ba da sanarwar cewa Janar Ba'are ya ci tun a zagayen farko da kashi 52 da ɗoriya cikin 100, Kotun Ƙoli ta tabbatar, aka rantsar da shi ranar 7 ga Agusta.

Masu kare shi suna cewa CENI ta cika da wakilan jam'iyyu, ta kuma nuna gazawa wajen shiri. A ɗauka haka ne. Wa ya kamata ya yanke wannan hukunci? Ko a kasuwar hatsi, idan mai saye ya ga mudu bai yi masa ba, sarkin kasuwa ake kira, ba shi ne zai fizge mudun ya zaro nasa daga aljihu ana tsakiyar awo ba. Kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne: da an je zagaye na biyu, da mutum huɗun nan, duk da ƙiyayyar da ke tsakaninsu, sun haɗu a kansa. Ko da a ce da gaske ya samu rinjaye, ya lalata hanya ɗaya tak da za ta tabbatar da hakan. Ya samu kujera, ya rasa shaida.

Kuɗin da ƙasa ta biya

Abin al'ajabi shi ne, aikin da dattawa da malamai suka kasa yi cikin shekara biyu, rusa CENI ya yi shi cikin yini ɗaya: ya sulhunta Usman da Tanja da Isufu. Suka kafa ƙawancen FRDD, suka ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa na Nuwamba 1996, magoya bayan Janar na UNIRD suka kwashe kujeru 59 cikin 83 a majalisar da manyan jam'iyyun ƙasa ba su ciki. A Janairu 1997 aka kama shugabannin uku bayan wata zanga-zanga a Yamai, aka tsare su kwanaki. Gidan rediyon Anfani ya sha rufewa da farmaki. A shekarar ce aka kafa RDP-Jama'a a ƙarƙashin Hamid Algabid, wato mutumin da ya zo don ya ɗaga ƙasa sama da rigimar jam'iyyu ya ƙare da tasa jam'iyyar. Cikin shekara uku ya yi firaminista uku: Bukari Aji, Amadu Sise da Ibrahim Hasan Mayaƙi.

Ta fuskar waje, Faransa ta yi saurin komawa hulɗa, asusun FMI ma ya sa hannu a kan yarjejeniya da gwamnati a 1996, amma Amurka ta dakatar da taimakonta, wasu masu ba da agaji suka ja baya. A ƙasar da kuɗin uraniyom ya daɗe da raguwa, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Bashin albashi ya yi ta taruwa wata bisa wata, USTN na kiran yajin aiki, makarantu na rufe fiye da yadda suke buɗe.

Ma'aikaci da ɗan kasuwa ba su bukatar a fassara musu wannan. Idan albashi bai fito ba, mushen lakwal ya je wurin mai kanti ya ɗauki buhun shinkafa da sabulu a rubuta. Mai kanti ya cika littafin bashi, shi kuma ya kasa biyan babban ɗan kasuwan da ya ba shi kaya. Babban ɗan kasuwa ya rage odar da yake yi daga Kwatano ko Kano, mai babbar mota ya kwana a tasha, ɗan dako ya koma gida hannu rabbana. Mai gidan haya ya jira, mai nama ya rage yanka. Sarƙa ɗaya ce, kuma bakinta na farko yana ɗaure ne a wurin da ake ƙidayar ƙuri'a. Masu cewa siyasa ta ƴan siyasa ce, su kasuwa ce gabansu, littattafan bashin 1997 da 1998 sun ishe su amsa.

Mafi hatsari kuma, rashin kuɗin ya shiga bariki. A Fabrairu 1998 sojoji suka yi bore a Difa da Agadas da Damagaram a kan haƙƙoƙinsu. Shugaban da ba ya tsaye a kan ƙuri'a, a kan bindiga yake tsaye, ga shi kuwa masu riƙe da bindigar sun fara ƙorafi.

Abin da ba za a ƙwace masa ba

Ba daidai ba ne a shafe alherin mutum don kuskurensa. Ba'are ya tarar da yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa, bai yi watsi da ita ba. A zamaninsa aka ƙara ta Aljer a Nuwamba 1997 da ta Njamena a Agusta 1998, waɗanda suka jawo sauran ƙungiyoyin Abzinawa da na Tubawa, kuma sanin da ya yi wa Aljeriya da barikokin arewa ya taimaka. Haka nan a ƙarshen Yuli 1998 ya yarda aka ƙulla yarjejeniya da ƴan adawa don a koma ga hukumar zaɓen da kowa ya amince da ita. Wannan ya nuna shi kansa ya gane inda ciwon yake.

Wasu kuma za su ce ai ba shi kaɗai ba ne sojan da ya tuɓe kaki ya ci zaɓe. Jerry Rawlings ya yi haka a Gana a 1992, ya kuma sauka lafiya a Janairu 2001. Gaskiya ne, amma Rawlings ya shekara goma sha ɗaya yana mulki kafin ya tsaya, ya gina jam'iyya, kuma duk da ƙorafin ƴan adawa bai rusa hukumar zaɓe ana cikin ƙidaya ba. Misalin da ya fi kusa ma yana ƙetaren iyaka, wata huɗu kacal kafin 8 ga Yuli: a Maris 1996 Janar Matiyu Kereku ya koma mulkin Benin ta hanyar ƙuri'a, bayan ya sha kaye a 1991 ya tattara nasa ya bar fada. Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki a Najeriya a 1979, ya jira shekara 20, aka zaɓe shi a 1999. Ba a hana tsohon soja neman shugabanci ba, ɗan ƙasa ne kamar kowa, Tanja ma kanar ne mai ritaya. Abin da ba ya haɗuwa shi ne riƙe bindiga da akwati da takara a hannu ɗaya.

Daga akwati zuwa filin jirgi

Zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairu 1999 shi ne damar ƙarshe. Ƴan adawa suka shiga, alamu suka nuna suna kan gaba, sai aka afka wa wuraren tattara sakamako a sassa da dama, aka lalata takardu. Ranar 7 ga Afrilu Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a wurare masu yawa ta ce a sake. Ƴan adawa suka nemi shugaban ƙasa ya yi murabus. Kwana biyu bayan haka, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa Inates kusa da iyakar Mali, aka harbe shi tare da wasu na kusa da shi. Firaminista Mayaƙi ya shaida wa ƙasa cewa mummunan hatsari ne ya faru. Kwamanda Dauda Malam Wanke, shugaban rundunar tsaron fadar, ya ɗare kujera a matsayin shugaban majalisar soja ta CRN. Rundunar da Ba'are ya taɓa jagoranta a zamanin Kunce ita ce ta zama ajalinsa.

Kada a yi kuskure: babu abin da ya aikata da ya halatta wannan kisa. Kisan kai ne, kuma ƴan siyasan da suka yi shiru ko suka yi murna a ɓoye sun ci amanar dokar da suke cewa suna karewa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu da na 9 ga Afrilu a aya guda, kamar dai an ce jini ya biya jini a rufe littafi. Wanke ya rasu a 2004 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Sai da iyalin mamacin suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a Oktoba 2015 ta ce an tauye musu haƙƙin samun shari'a, ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Ƙasar da ta kasa kare ƙuri'ar talaka a 1996 ita ce ta kasa kare ran shugabanta a 1999, kuma rashin hukunci ɗaya ne ya lulluɓe duka biyun.

Gani ga wane

Tarihin Nijar ya jera misalan a fili. Janar Ali Saibu ya sunkuyar da kai ga Babban Taron Ƙasa, ya miƙa mulki a 1993, ya rayu cikin mutunci har ya rasu a 2011. Wanke, duk da jinin da ke kan hanyar hawansa, ya miƙa wa Tanja a Disamba 1999. Salu Jibo ya kifar da Tanja ranar 18 ga Fabrairu 2010 saboda tazarce, ya miƙa wa Isufu a Afrilu 2011, ya koma gidansa. Wanda ya taɓa ma'aunin don ya zauna, soja ne ko farar hula, shi ne ya fita ta ƙofar da bai zaɓa ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 wani shugaban rundunar tsaron fada, Janar Abdurahman Ciyani, ya tsare Shugaba Muhammad Bazum, juyin mulki na biyar ke nan tun samun ƴancin kai. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da shi shugaban Jamhuriya na wa'adin shekara 5 ba tare da zaɓe ba, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Zamani ya bambanta, matsalolin tsaro sun bambanta, mutanen ma ba ɗaya ba ne. Amma tambayar da Ba'are ya kasa amsawa tana nan tana jiran duk hafsan da ya zauna a wannan fada: idan ranar awo ta zo, mudun wa za a ɗauka, kuma wa zai riƙe shi?

Masu zuga shugabanni su ma suna da nasu kason. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika kwamitocin goyon baya a 1996 ba su jira an share makoki ba suka nemi sabuwar inuwa. An binne Janar a Dumega, ƙasar kakanninsa, ya bar marayu, ma'aikata kuma suka ci gaba da bin bashin albashinsu shekaru bayan tafiyarsa. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya jiƙan Ibrahim Ba'are Mainasara, ya gafarta masa kurakuransa, ya kuma ba masu riƙe da ƙasa kunnen jin abin da ranar 8 ga Yuli ke faɗa.